Gawon Kan Iyaka

"Kawu, hularka ta sake shiga hoton."

Kawu Nababa ya ja da baya taku biyu, ya dafe hular kamar wani zai fizge ta. Ramlat tana durƙushe a gindin ɗorawa, raɓa ta jiƙa mata bakin zane, ta kwantar da wayarta a kan wani ɗan katako tana kallon sama. Ta liƙa wa kyamarar wayar wani ƙaramin gilashi mai tudu kamar idon kifi, wanda ke haɗiye sararin sama gaba ɗaya a hoto guda: rassa, ganye, gajimare, da duk hular da ta leƙo.

"To wai ke," in ji shi, "kowa daga gefe yake ɗaukar hoton bishiya, ke sai daga ƙarƙashi. Ba ki jin kunyarta?"

"Ganyen nake aunawa, Kawu. Ka ɗan ƙara matsawa."

Ramlat ba 'yar gona ba ce. A Ungogo ta tashi, inda gonaki suka koma fulotai tun tana rarrafe, bishiyar da ta sani ciki da waje kuwa ita ce darbejiyar ƙofar gidansu. Lissafi ta karanta a jami'a, yanzu tana ƙarshen digiri na biyu. Malaminta, Dokta Abdulkabir, ya dawo daga karatu a ƙasar Turai da wata manhajar kwamfuta da aka gina don dazuzzukan can, inda sanyi ke kakkaɓe itatuwa, zafi ya mayar musu da ganye. Ka ba ta hoton, ta ƙirga yawan saman da ganye ya rufe, daga nan ta faɗi yawan ganyen bishiyar da kuma ƙarfin ƙasar da take tsaye a kai. Aikin Ramlat shi ne ta gwada manhajar a kan itatuwa sittin na gonakin manoma. Ta zaɓi ƙauyen su mahaifiyarta, Aina'u, kusa da Tsanyawa, saboda can akwai makwanci da tuwo kyauta.

Yau kwananta huɗu, watan Agusta ya raba, gero ya fitar da kai. Ɗorawar nan ita ce ta hamsin da tara. Saura ɗaya ta haɗa kayanta, ƙarshen wata ta miƙa kundinta.

Tana naɗe igiyar awo suka ji ƙarar babur a kan burtali. Kawu Tasi'u ne, ƙanen Kawu Nababa. Shekara ashirin ya yi yana tuƙin tirela tsakanin Kano da Ikko kafin ya dawo gida ya kama noma, ya kuma buɗe rumfar takin zamani a kasuwar Tsanyawa. Mutum ne mai faɗin baki da faɗin dariya.

"'Yar Aina'u! An ce saura guda. To na zaɓa miki."

Ya nuna gabas da leɓe. Can tsakanin gonakin 'yan'uwan biyu, daidai inda jerin gamba ya raba gadon mahaifinsu, wata ƙatuwar bishiya ce tsaye, fara fat, rassanta sun baje kamar yatsun hannu. Duk inda ka duba kore ne shar, ita kaɗai ce ba ko ƙyallen ganye.

Shekara bakwai ke nan suna ja-in-ja a kan gawon nan. Kawu Tasi'u ya ce masaukin tsuntsaye ne masu cinye masa gero, ƙayarsa ta huda masa takalma uku, kuma duk huɗa sai shanu sun yi masa ɗawafi. Kawu Nababa hujjarsa ɗaya ce tal: Baba ya bar shi, shi ma ya bar shi.

"Yaya," in ji Kawu Tasi'u, "mu ƙare maganar nan yau. Ga boko ya zo har gona. Duk abin da awon yarinyar nan ya ce, mu bi. In ya ce gawo yana da amfani, ba zan sake ɗaga maganar ba har in mutu. In ya ce babu, yau a kwantar da shi."

Kawu Nababa ya dubi kwamfutar da ke cikin jakar Ramlat. Kwana uku yana ganin yadda take yabon tsamiya da kanya da ɗorawa, bai taɓa jin ta kushe wata bishiya ba.

"Na yarda."

"Amma da sharaɗi. Kada wani ya sa mata baki. Ni shiru, kai shiru."

"Na yarda."

Suka tafa. Wasu manoma biyu da ke wucewa da fartanyoyi a kafaɗa suka tsaya, aka sa su shaida.

Da suka isa gindin bishiyar Ramlat ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ai ya bushe, ko?"

Kawu Nababa ya buɗe baki. Kawu Tasi'u ya yi gyaran murya. Kawu Nababa ya rufe baki.

Ta kwantar da wayar a wuri huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Ta zauna a kan saiwa, ta buɗe kwamfutar a cinyarta, ta zuba hotunan. Manhajar ta ɗan yi tunani, sannan ta fito da layi uku da jan rubutu. Ramlat, da ta saba karanta wa Kawu Nababa sakamako da Hausa, ta karanta ba tare da ta ɗago ba.

"Ganye, kusan babu. Bishiya, matacciya. Ƙarfin wurin, sifili."

"Allahu Akbar!" Kawu Tasi'u ya yi tsalle har hularsa ta karkace. "Kun ji da kunnenku! Sifili! Ko ɗaya ma ba ta ba shi ba!"

Tuni ya zaro waya. "Dabo? Ka zuba wa injin zarton nan mai. Bayan Azahar, gawon kan iyaka. E, shi. Ilimi ya yanke hukunci."

Kawu Nababa ya dubi gawon tun daga ƙasa har sama, ya saɓa fartanyarsa, ya kama hanyar gida. Ramlat ta bi bayansa da jaka tana kiransa, bai waiwayo ba.

A tsakar gida ta tarar da Inna Fadima, matar Kawu Nababa, tana dama fura. Labari ya riga ta isowa. Inna Fadima ta dube ta, ta ajiye ludayi, ta fara dariya har tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ramlatu, shekara nawa kika yi a makaranta?"

"Goma sha takwas, Inna."

"Goma sha takwas! Ba a cikinsu wanda ya gaya miki gawo da damina yake tuɓewa?"

"Tuɓewa kamar yaya?"

"Kamar yadda kika gan shi. Ruwan fari na sauka zai zubar da ganyensa kaf, ya bar wa gero rana. Sai an gama kaka, kowace bishiya ta fara yaushi, sannan shi zai sa sabuwar riga. Da rani ki zo ki gani, inuwarsa duk shanun unguwar nan a nan suke wuni, suna cin 'ya'yansa suna zuba masa kashi. Ke dai kin iske mutum a banɗaki kin ce ba shi da tufafi."

Ramlat ta zauna a kan turmi.

"Kawu Tasi'u ya san haka?"

"Tasi'u? A gindin gawon nan aka yi masa kaciya da rani, saboda inuwa. Ya sani sarai. Shi ya sa ya ce kada a sa miki baki. Kwana uku yana leƙen aikinki, ya gane ganye kawai abin naki yake gani."

"To Kawu ya ce bai yarda ba mana!"

"Kawunki? Ya tafa a gaban shaidu. Ko gidan nan ya sa a caca haka, da yanzu muna kwashe tukwane." Ta nuna ɗakin da Kawu Nababa ya shige ya saki labule. "Ko kunu bai sha ba."

Ramlat ta fita bayan gida, ta hau kan tsibin toka inda waya ke samun layi, ta kira Dokta Abdulkabir. Ya saurare ta, tana jin ƙarar fanka da ta takardu a ofishinsa.

"Af, gawo," in ji shi. "Na manta da shi shaf. Manhajar ta ɗauka duk bishiya da lokacin shuka take ganye. Ba matsala, Ramlat. Ki cire shi."

"Su ma cire shi za su yi, Dokta. Da zarto."

Ya yi dariya, sannan ya ji ita ba ta yi ba.

"Ki ji. Hamsin da tara sun ishe ki. Ki rubuta layi ɗaya cewa an fitar da bishiya guda saboda ta saɓa wa tsari, shi ke nan. In kika ce sai kin sa gawo a lissafin nan da gaske, sai kin koma kin auna shi da rani, kin sake wa manhajar ciki. Watan Janairu ke nan. Ba za ki fita da 'yan ajinku ba."

"Na ji, Dokta."

"Ki yi tunani. Mahaifiyarki ta riga ta kira ni tana tambayar ranar yaye ku."

Ta sauko daga kan tokar tana kallon yatsun ƙafarta. Mahaifiyarta har ankon bikin ta fitar, atamfa mai ruwan goro. Ta tsaya jim, sai wani abu ya faɗo mata. Ta koma da sauri ta tsaya a bakin labulen.

"Kawu, me kuka ce daidai da za ku tafa? Abin da kwamfuta ta ce, ko abin da awona ya ce?"

Can muryarsa ta fito. "Awon yarinyar nan."

"To ban gama awo ba."

Labulen ya motsa.

Ana sallame Azahar suka fita su uku. Inna Fadima ta kwance igiyar gugarta, ta ɗauko turaku huɗu na awaki da ƙwaryar fura, ta ce ba za a yi wannan kallo babu ita ba. Suka tarar Dabo ya riga su. Wani siririn mutum ne mara magana, yana zaune a kan saiwa yana goga wa haƙoran zartonsa magagari. Kawu Tasi'u yana tsaye a kansa yana nuna masa inda bishiyar za ta faɗi.

"A'a, 'yar Aina'u, kin zo sallama da mamaci?"

"Na zo ƙarasa awo, Kawu. Na safe na sama ne. Saura na ƙasa."

"Wane na ƙasa kuma? An gama magana."

"Manhajar abu biyu ta faɗa: ganye da ƙarfin wuri. Ganye na gani da idona. Ƙarfin wuri kuwa ita hasashe ta yi, ni ban auna ba. Ka taɓa sayar wa mutum taki ka ce ya yarda da nauyin da aka rubuta a buhu, alhali ga sikeli a gabanku?"

"Kullum," in ji Inna Fadima.

Dabo ya yi wani ɗan sauti ta hanci. Kawu Tasi'u ya harare shi.

"To a auna. Amma ni zan ƙirga. Ban yarda da gidan Yaya ba, kun ci tuwo ɗaya."

Ramlat ta kafa turakun a gonar Kawu Tasi'u, nesa da gawon, wajen taku hamsin. Ta zagaye su da igiya, taku huɗu kowane gefe. Kawu Tasi'u ya naɗe hannun riga ya kutsa cikin geron yana kama zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai gwanjo.

"Goma sha tara!"

Ta rubuta. Ta ɗora ma'auni a kan guda biyar, ta rubuta tsawonsu. Aka matsa wani wurin, ya samu ashirin da ɗaya. Wuri na uku, goma sha bakwai.

"Kin ga aikin taki," in ji shi yana haki. "Buhu biyu na zuba. Mai kyau, ba irin wanda nake... mai kyau dai."

Aka dawo ƙarƙashin gawon, ɓangarensa. Tun kafin a kafa turaku Ramlat ta lura da abin da ta kasa gani da safe saboda idonta yana sama: a nan geron ya shanye kan Kawu Tasi'u, ganyensa har baƙi-baƙi yake yi don kore, karan kuwa kamar rake. Ya shiga, ba a ganin komai sai motsin hularsa. Muryarsa ta fara da ƙarfi. Da ya wuce ashirin da biyar ta ragu. Da ya wuce talatin sai ta koma kamar mai lazimi.

"Nawa, Kawu?"

"Ban gama ba. Na rikice. Bari in sake."

Ya sake.

"Nawa?"

"Talatin da huɗu," in ji shi can ƙasa.

"Ba mu ji ba," in ji Inna Fadima. "Iska ta ɗauke."

Wuri na biyu ya ce ƙaya ta soke shi, Dabo ya ƙirga. Dabo ya jingine zartonsa, ya shiga, ya fito ya ce talatin da shida, ya koma ya zauna. Wuri na uku, talatin da ɗaya. Zangarkun kuma kowace ta fi na can da kusan rabin taƙi.

"Wataƙila a nan ka fi zuba takin," in ji Ramlat, tana rubutu ba ta dube shi ba.

"A nan? Wa zai ɓata taki a gindin..." Ya tsaya. Bakinsa ya zauna a buɗe.

"Ko ƙwaya ba ka zuba ba?" in ji Ramlat.

Kawu Tasi'u ya ɗaga kai yana bin rassan da ido. Gawon ya karkata gabas tun yana ƙarami, saboda haka kashi biyu cikin uku na rassansa a kan gonar Kawu Tasi'u suke. Ya dubi da'irar baƙin geron da ke ƙarƙashinsu, ya dubi ɗan siririn yankin da ya faɗa wa yayansa. Ramlat tana ganin leɓensa yana motsi, ta san dammai yake lissafawa.

Kawu Nababa dai yana tsaye a kan iyaka, hannuwansa a baya. Sai yanzu ya yi magana.

"Ramlatu, awo ya ce me?"

Ta rufe littafin. "Ya ce wurin nan ya kusa ninka sauran gonar, Kawu. Ya kuma ce kwamfutata ba ta san gawo ba. Ni ma da safe ban san shi ba. Ku yafe ni."

Dabo, da ya ga rana tana yi kuma ba wanda ya ce masa ya fasa, ya miƙe ya taka zarton da ƙafa, ya fizgi igiyarsa. Injin ya yi tari sau biyu ya kama da ruri. Tsuntsaye suka watse daga kan rassan.

Kawu Tasi'u ya yi wani irin tsalle, ya faɗa tsakanin zarton da kututturen, ya baje hannuwa.

"Kai! Kai Dabo! Wa ya ce ka taɓa mini gawo?"

Dabo ya kashe injin. "Kai."

"To na fasa! Mutum ba ya fasawa?"

"Gawonka?" in ji Kawu Nababa a hankali.

"To na wa? Dubi inda ya karkata! Bishiya ma ta san mai ita."

"Saiwarsa tana gonata."

"Saiwa! Wa ya taɓa ganin saiwa? Ni abin da ke sama nake magana."

"Da safe ka ce masaukin tsuntsaye ne."

"Tsuntsayena ne! Ina ruwanka da su?"

Inna Fadima ta zauna a kan kunya ta buɗe ƙwaryar fura, ta miƙa wa Dabo ludayi. "Sha, bawan Allah. Wannan sai Magariba."

Ramlat ta koma gefe ta zauna, ta buɗe kwamfutar. Layi na sittin yana nan da jan rubutunsa. Danna maɓalli ɗaya zai share shi, hamsin da tara su zauna tsaf, lissafi ya fita sumul, a ɗinka anko. Ta ɗora yatsa a kai. Ta tuna a hanyarsu daga Tsanyawa ta ga irin fararen bishiyoyin nan birjik a gonaki, ta ɗauka fari ne ya kashe su, har ta ji tausayin mutanen. In manhajar nan ta fita hannunta a haka, wata rana wani a ofis zai buɗe ta, ya ga ja a duk faɗin ƙasar nan, kuma ba lalle ne a samu mai igiyar guga kusa ba.

Ta ɗauke yatsan. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Dokta Abdulkabir: *Na bar shi a ciki. Zan dawo Janairu.* Saƙon ya tsaya yana juyi, babu layi. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga wayar sama, ta hau kan saiwa mafi tudu, sannan ya tafi.

Da La'asar sakaliya Kawu Tasi'u ya ɗauke ta a babur zuwa tashar Tsanyawa. Kawu Nababa ya ɗaura mata ɗan buhun wake a baya, bai ce komai ba sai "Ki gaida Aina'u," amma ya daɗe yana gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi.

A hanya tana ta shirya yadda za ta gaya wa mahaifiyarta zancen anko. Sun kusa shiga gari Kawu Tasi'u ya rage gudu, ya ɗan juyo da kai.

"'Yar Aina'u, an ce da rani za ki dawo."

"In sha Allahu, Kawu."

"To ki fara sauka a gidana, akwai zabi." Ya ƙara rage gudu. "Wannan abin naki, in an gyara shi, yana iya nuna inda iyaka ta bi ta cikin kututture?"

"Ganye kawai yake gani, Kawu."

"To madalla," in ji shi, ya murɗa wa babur wuta. "Ganyen ai duk a wajena yake."